Zare: Matar da aka haifa don ɗaukar fansa

1/ Ranar da na fara kallon Kill Bill a gidan kallon unguwarmu, ihu muka riƙa yi. A sare hannu, jini ya yi tsiri kamar famfo ya fashe. A zatona Tarantino ne ya ƙirƙiro wannan hauka a 2003. Ashe a Japan ya samo, tun shekara 30 kafin nan. Ku biyo ni.

2/ Me ya kawo jini haka? Talabijin. A 1958 an sayar da tikitin silima sama da biliyan ɗaya a Japan. Da akwatin talabijin ya shiga gidaje, sai kasuwa ta faɗi. Kamfanin Daiei ma a 1971 ya karye. Dabarar da ta rage: a nuna abin da talabijin ba zai iya nunawa ba.

3/ Kurosawa ya riga ya buɗe ƙofa a 1962. A ƙarshen fim ɗinsa Sanjuro, sara ɗaya aka yi, jini ya feso daga ƙirjin mutum. Masu ƙananan finafinai suka ga abin na jan jama'a, suka mai da shi jari.

4/ A 1973 Toshiya Fujita ya fitar da Lady Snowblood, Meiko Kaji ce jarumar. Daga littafin zane na Kazuo Koike da Kazuo Kamimura aka ɗauko labarin. Kuma fa yana da tushe a tarihi na gaske.

5/ A 1873 gwamnatin Meiji ta kawo dokar shiga soja dole. Sanarwar hukuma ta kira abin "harajin jini". Wasu manoma suka ɗauka jininsu za a tatsa da gaske, aka yi bore. Jita-jita ta bazu cewa masu fararen kaya ne ke zuwa ɗibar jinin.

6/ A fim ɗin, wasu 'yan damfara huɗu sun ci kuɗin ƙauyawa da sunan za su kuɓutar da su daga aikin soja. Sai ga malamin makaranta cikin fararen kaya. Suka nuna shi, suka kashe shi da ɗansa, aka ci zarafin matarsa.

7/ Matar ta kashe ɗaya, aka ɗaure ta. A kurkuku ta nemi ciki da gangan don ta haifi wanda zai ƙarasa sauran ukun. Ta haifi mace, Yuki, ta cika. Yarinyar ta tashi ba ta san komai ba sai takobin da ke ɓoye a cikin lemarta.

8/ Idan ka kalli Kill Bill, duba faɗan ƙarshe a lambu mai dusar ƙanƙara, da O-Ren cikin fararen kaya. Nan aka samo. Waƙar da ke tashi bayan faɗan ma Meiko Kaji ce ta rera ta a fim ɗin 1973.

9/ Amma ga wurin da ya tsaya mini a rai. Bayan Yuki ta gama da kowa, ta fito da rauni, sai wata budurwa ta rugo ta soke ta. Wace ce? 'Yar ɗaya daga cikin waɗanda ta kashe. Ita ma fansar ubanta take ɗauka, kuma a wurinta ita ce mai gaskiya.

10/ Mu da muka taso da cewa ramuwar gayya ta fi gayya zafi, mun san wannan ba a fim kaɗai yake ba. An kashe namu, a je a kashe nasu, gobe yaransu su taso da sunanmu a baki. Ƙauyuka nawa suka tashi a haka?

11/ Har yau ina kallon irin finafinan nan, ba zan yi ƙarya ba. Sai dai yanzu idan jaruma ta sare bos, nakan tambayi kaina ko yana da 'ya a gida. Wanda ya kalli fim ɗin, ya faɗa mini: Yuki ce mai gaskiya ko budurwar?