Yadda Yakuwa Ta Isa Arlit

Tun kafin a kafa garin Arlit a 1969, bayan Faransawa sun gano ma'adinin uraniyom yamma da duwatsun Abzin, yakuwa, wadda Allah cikin hikimarSa Ya hore mata jure jigawa da ƙarancin damina, ta daɗe tana maƙwabtaka da gero a gonakin Maradi da Damagaram. Sa'ad da talakawan kudu suka yi ƙaura neman arziki a kamfanonin haƙar uraniyom na SOMAÏR da COMINAK ta Akokan, sai tsaminta ya bi su cikin buhuna ta hanyar Tawa: busasshen ganye domin miya, jan zoɓo domin buɗa baki, 'ya'yanta kuwa daudawar batso, wadda warinta ba ya ɓuya. An rufe COMINAK a 2021, amma har yau ana auna yakuwa da tiya a kasuwar Arlit.