Cin Gashin Kai da Danginsa

Idan gidajen rediyo suna ba da labarin Zanzibar ko yankin Kurdawan Iraƙi, sai ka ji an ce wurin yana da "ƙwarya-ƙwaryar cin gashin kai". Gashin da ake nufi ba na kan mutum ba ne, na bakin wuta ne: mai cin gashin kansa shi ne wanda ya gasa da hannunsa ya ci, bai jira an yaga masa ba. Ƙwarya-ƙwarya kuma ta rage wa maganar ƙarfi, ta nuna akwai wani a sama.

Mutanen ƙasar Kabi sun san wannan zama tun kafin a ƙirƙiro masa suna. Bayan da rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi a 1805, Kabawa suka yi sansani a Argungu, aka daɗe ana gwabzawa. Da aka yi sulhu a shekarun 1860, zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, sai aka kira shi Lafiyar Toga. Ba a ce amana ba, alhali ita ce kalmar da Daular Usmaniyya ke amfani da ita ga waɗanda suka miƙa wuya suna biyan haraji a bar su da harkokinsu. A ganina wannan bambanci yana da nauyi ƙwarai. Amana babba ke bai wa ƙarami, lafiya kuwa sai ɓangarori biyu sun yarda take zaunawa.

Zamanin Turawa ya zo da nasa kalmomin. A 1953, a Majalisar Wakilai ta Legas, Anthony Enahoro ya nemi a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardauna Ahmadu Bello ya nemi a cire shekarar, a ce sai lokacin da ya dace. Aka watse baram-baram, aka yi wa wakilan Arewa ihu a titi. Da suka koma Kaduna, Majalisar Dokokin Arewa da Majalisar Sarakuna suka amince da buƙatu takwas waɗanda suka kusa mayar da gwamnatin tsakiya hukumar kula da tsaro, kwastan da hulɗa da ƙasashen waje kawai. Daga wannan ja-in-ja tsarin tarayya na 1954 ya fito. Arewa ta sami mulkin kai ranar 15 ga Maris 1959, ƙasa baki ɗaya ta sami 'yancin kai a 1960. Shugaban Majalisar Sarakuna a waɗannan shekaru biyu Sarkin Gwandu Haruna ne, daga nan Birnin Kebbi.

Kalmar da ta fi ba ni tausayi ita ce jiha. A da, Jihar Arewa tana da Firimiya, da kundin tsarin mulkinta, da wakilinta a Landan. Sunan bai canza ba da aka yi Jihar Arewa maso Yamma a 1967, da Jihar Sakkwato a 1976, da Jihar Kebbi a 1991, amma ikon da ke cikinsa ya yi ta raguwa, har yau jiha ba ta da 'yan sandanta.

Amma akwai sauran hanyar da dole Abuja ta saurari majalisar da ke Birnin Kebbi. Sashe na 9 na kundin 1999 ya ce gyaran tsarin mulki ba ya tabbata sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince. 'Yan Kebbi su riƙa tambayar wakilansu yadda suka kaɗa ƙuri'a duk lokacin da irin wannan takarda ta iso.