DAGA BIRNIN ZAMFARA ZUWA ANKA: NEMAN ASALIN GIDANMU

Mai karatu, yau na ɗan ajiye labarin soyayya a gefe, domin wata tambaya da ɗana ya yi mini ta hana ni barci. Yana cike takardar makaranta ne ya ɗago kai ya ce, "Baba, wai mu 'yan ina ne?" Na ce Anka. Ya ce, "To kafin Anka fa?" Nan na yi shiru, ni da na rubuta littattafai ina ƙaga wa mutanen da ba su taɓa rayuwa ba iyaye da kakanni.

Abin da ya cece ni wani tsohon kaset ne da na naɗi muryar kakata kafin Allah Ya karɓi abarsa. A ciki take ce mini, "Angona, mu Zamfarawa na. Gobirawa sunka watse mu, munka biyo sarki har nan." Wannan magana tata ta dace da abin da masana tarihi suka rubuta. Zamfarawa sun fara kafa mulkinsu ne a Dutsi, a ƙasar Zurmi ta yanzu, inda ake tuna sarauniya 'Yargoje. Daga baya suka koma Birnin Zamfara, kusa da Isa. A cikin shekarun 1760 Sarkin Gobir Babari, wanda mutanensa suka shigo ƙasar a matsayin baƙi, ya ci birnin da yaƙi, ya mayar da Alƙalawa hedikwatarsa. Gidan sarautar Zamfara ya yi ta ƙaura, ya zauna a Kiyawa, ya zauna a Sabon Gari, inda jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka sauka a 1805. Alƙalawa ita ma ta faɗi a 1808, kuma bayan jihadi ne Sarkin Zamfara ya samu matsuguni a Anka, inda sarautar take har yau.

To a ina muka shigo cikin wannan labari? Gaskiya na so a ce mu jinin sarauta ne, domin kusan duk Bazamfaren da ka tambaya zai ce maka kakansa ɗan sarki ne. Amma tsofaffinmu ba su rufe ni ba: maƙera ne mu. Inda sarki ya yada zango, nan kakanninmu suke kafa uwar maƙera su ƙera masu da kibau, in an samu lafiya su koma ƙirar fartanya da galma. Da na ji haka sai na daina jin kunya, don kuwa ko sarki bai fita yaƙi sai maƙeri ya gama aikinsa.

Na iya lissafa kakanni shida, daga ni zuwa wanda aka ce shi ya shigo Anka da zugazugansa. Wannan tsoho ya bar 'ya'ya maza uku, kuma daga kansu ne gidan ya rabu. Babban ya riƙe maƙera a Anka, mu ne zuriyarsa. Na tsakiya ya bi gulbin Zamfara ya gangara Gummi neman karatu, bai dawo ba. Ƙaramin ya yi tunga a ƙasar Bukkuyum, ya zama manomi.

Reshen Gummi ne ya fi sauƙin bi, saboda malamai ne, sun rubuta haihuwa da mutuwa da ajami a bangon littattafansu. Gummi dama garin ilimi ne. A nan aka haifi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, ɗan alƙalin garin, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962, ya samu lambar Sarki Faisal a 1987, ya rasu a Landan a 1992. Ana sanin gidansu daga mahaifinsa har zuwa ɗansa Dakta Ahmad Gumi domin akwai alƙalami a gidan. Gidan da ba ya rubutu kuwa, tarihinsa yana bakin tsofaffi ne, ranar da suka tafi ya tafi.

Reshen Bukkuyum shi ne ya sa ni hawaye. Jikokin wancan manomi sun shiga haƙar zinariya kamar sauran matasan yankin, suna kawo duwatsu gida ana daka su a tsakar gida. A 2010 gubar dalma ta ɓulla a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta, Abare, Bagega da 'Yargalma, ta kashe yara sama da 400. A cikinsu akwai namu biyu. Ba a gama share hawaye ba sai ga 'yan bindiga. A watan Janairun 2022 sun afka wa ƙauyukan waɗannan ƙananan hukumomi biyu, suka kashe jama'a masu yawa. Danginmu suka watse, wasu Anka, wasu Gusau, wasu har yau muna cigiyarsu. Dattijon da aka ce ya haddace sunayen wannan reshe kaf ya rasu a gudun hijira, watanni kaɗan kafin in isa wurinsa.

Ka ga ke nan, mai karatu, sau biyu ana watsa gidanmu, tsakaninsu shekara kusan 260. A karon farko mun tsira da sunanmu saboda akwai tsofaffin da ke zama da jikoki da dare suna ba su labari. Yanzu babu dandali, babu hira, tsofaffin kuma suna ƙarewa a gidajen aro.

Shi ya sa nake roƙon duk mai sauran tsoho a gida, ya ɗauki wayarsa yau ya naɗi muryarsa. Ka tambaye shi sunan kakansa, da sana'arsa, da garin da ya fito, da ma'anar zanen da ke fuskarsa. Kada ka manta da ɓangaren mata, domin ni kaina sunayen kakannina mata biyu kacal na samu, kuma wannan ya dame ni ƙwarai.

Na rubuta wa ɗana abin da na tattara a littafi mai bango baƙi, na bar shafuka goma babu komai saboda dangin Bukkuyum. Allah Ya haɗa fuskokinmu, Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da Zamfara lafiya. Amin.