Barin Yaro a Hannun Iyayensa Bisa Sa Idon Kotu

Idan aka tabbatar wa kotu cewa ana cutar da yaro a gidansu, ko an yi sakaci da shi har lafiyarsa ta taɓu, abin da ke fara zuwa zuciyar mutane shi ne a ɗauke shi. Sai dai dokokin ƙasashe da dama sun ba alƙali wata mafita tsakanin raba yaro da gida da sallamar ƙara: yaron ya ci gaba da zama wurin iyayensa, riƙonsa yana wuyansu, amma a ɗora wa hukuma nauyin bibiyar gidan na wani lokaci ƙayyadadde. A Ingila da Wales ana kiran wannan umarnin sa ido, kuma tushensa Dokar Yara ta 1989, wadda ta fara aiki a watan Oktoban 1991.

Dokar ta zo ne bayan wani rikici da ya girgiza ƙasar. A 1987, a yankin Cleveland da ke arewa maso gabashin Ingila, an raba yara 121 da iyayensu cikin 'yan watanni bisa zargin lalata da su, bayan wani gwajin likita da daga baya aka yi ta jayayya a kan ingancinsa. Yawancinsu an mayar da su gida. Binciken da mai shari'a Elizabeth Butler-Sloss ta jagoranta, wanda ya fito a 1988, ya nuna cewa hukuma ma tana iya yi wa yaro illa da sunan ceto. Saboda haka sabuwar dokar ta ginu a kan cewa gidan iyaye ne asali, raba yaro da shi kuwa sai da hujja mai ƙarfi.

Sashe na 31 ya gindaya sharaɗi guda ga umarnin sa ido da umarnin karɓar riƙo. Dole a nuna cewa yaron yana fama da cutarwa mai tsanani, ko ana fargabar zai faɗa cikinta, kuma sanadin shi ne kulawar da yake samu ta gaza abin da ake tsammani daga iyaye masu hankali, ko kuwa ya gagari iyayen. Inda suka bambanta shi ne iko. Da umarnin karɓar riƙo, ƙaramar hukuma tana shiga cikin ikon iyaye, har ta yanke inda yaron zai kwana. Da umarnin sa ido ba ta samun ko ɗaya daga waɗannan. Aikin jami'inta, kamar yadda sashe na 35 ya zayyana, shi ne ya ba yaron shawara, ya taimake shi, ya jawo shi a jiki. Wa'adin farko ba ya wuce shekara ɗaya, ana iya sabuntawa, amma jimilla ba ta haura shekara uku.

A aikace, abin yana kama da haka. Jami'ar walwala ta ƙwanƙwasa ƙofa, wani lokaci ba tare da sanarwa ba. Ta nemi ganin yaron shi kaɗai, ta duba makwancinsa, ta buɗe firji ta ga ko akwai abinci, ta tambayi makaranta kwana nawa ya yi fashi, ta duba katin rigakafinsa. Idan shaye-shaye ne ya kawo uwar gaban kotu, ana iya yanke ɗan gashin kanta a kai ɗakin gwaji, domin gashi yana riƙe alamar ƙwaya na tsawon watanni. Idan duka ne, ana so a san ko mijin da aka hana shiga gidan ya dawo ta bayan fage. Ga uwar da ke zaune tana jiran wannan ƙwanƙwasawa, abin ba sauƙi ba ne, amma da dare ɗanta yana kwance kusa da ita.

Raunin tsarin a fili yake, masu sukarsa kuma ba su yi ƙarya ba. Sharuɗɗan da ake ɗora wa iyaye a cikin umarnin sai da yardarsu ake rubuta su, kuma idan suka saɓa babu hukuncin da ke hawa kansu kai tsaye. Abin da jami'i zai iya shi ne ya koma kotu ya nemi a sauya umarnin ko a ba hukuma riƙo, shari'a kuwa ba ta sauri. Binciken da Farfesa Judith Harwin da abokan aikinta na Jami'ar Lancaster suka wallafa a 2019 ya gano cewa kusan ɗaya cikin biyar na yaran da aka bari a gida bisa wannan umarni sun sake komawa gaban kotu cikin shekara biyar. Adadin ya isa ya tayar da hankali. Amma ya kamata a karanta shi ta fuska biyu, domin yana nufin huɗu cikin biyar ba su koma ba, alhali dukkansu gidaje ne da kotu ta riga ta yarda an kai matakin cutarwa mai tsanani a cikinsu.

Wannan fargaba ta sa wasu kotuna, musamman a Wales da arewacin Ingila, suka ɗauki wata dabara: su ba hukuma cikakken riƙo, sannan a bar yaron a gida, don a samu damar ɗauke shi da zarar abu ya lalace. A 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar da aka sani da Re JW, ta bakin shugaban sashen shari'un iyali Sir Andrew McFarlane, ta ce wannan sai da dalili na musamman. Hujjar tana da nauyi. Idan gidan ya yi hatsarin da sai an rataya wa iyaye takobi a wuya, bai kamata yaro ya kwana a cikinsa ba. Idan kuwa bai kai haka ba, babu adalci a ƙwace wa iyaye ikonsu don kawai a tilasta wa hukuma ta mai da hankali. A shekarar ce kuma kwamitin masana da kotunan iyali suka kafa ya ba da shawarar kada a yanke umarnin sa ido sai da rubutaccen tsari na taimakon da za a bai wa gidan, da lokutan da za a zauna a duba ko an cika.

A nan ne ainihin maganar take. Yawancin abin da ke kai iyali kotu sakaci ne, sakacin kuma yakan taso daga talauci, taɓin hankali, shaye-shaye ko dukan mata. Ziyarar jami'i sau ɗaya a wata ba ta warkar da ko ɗaya daga cikinsu. Umarnin sa ido alƙawari ne na ɓangare biyu, amma an fi matsa wa iyaye su cika nasu, a ƙyale hukuma da nata. Uwar da aka ce ta daina shan ƙwaya, aka kuma bar ta wata shida a layin jiran asibiti, ba ita kaɗai ta gaza ba.

Dalilin jure wannan wahala shi ne ɗaukewar ma tana da nata ciwon. Masanin tattalin arziki Joseph Doyle, a nazarin da ya wallafa a 2007 kan yaran jihar Illinois ta Amurka, ya duba waɗanda lamarinsu ke kan gaɓa, wato wani jami'in zai ɗauke, wani zai bari. Waɗanda aka bari a gida sun fi tsira daga aikata laifi da haihuwa da ƙuruciya, sun kuma fi samun abin yi da suka girma. Sakamakon bai shafi yaran da rayuwarsu ke cikin hatsari ƙarara ba, waɗannan ɗauke su wajibi ne. Faransa ma a kan wannan turba take, inda sashe na 375-2 na kundin dokokin zamantakewarta ya umarci alƙalin yara ya bar yaro a muhallinsa duk lokacin da hakan zai yiwu, ya naɗa wanda zai taimaki iyalin.

Dokar 'Yancin Yara ta Nijeriya ta 2003 ta ɗauko umarnin sa ido da na karɓar riƙo kusan yadda suke a dokar Ingila, ta kuma tanadi kotun iyali. Jihohin Arewa sun jima suna muhawara kafin su yi nasu dokokin, Kano sai a 2023. Ra'ayin barin yaro cikin danginsa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, inda fiƙihun Malikiyya ya jera masu haƙƙin reno tun daga uwa zuwa kaka ta wajen uwa, kuma kawu ko goggo kan karɓi yaro ba tare da an je gaban kowa ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne jami'an walwala masu horo, da abin hawa da kuɗin da za su kai su ƙauye su dawo. Alƙalin da zai bar yaro a gidan da aka tabbatar an cutar da shi ya kamata ya rubuta a cikin hukuncinsa sunan jami'in da zai je, da yawan zuwansa, da taimakon da zai kai, da ranar da za a dawo a ba kotu bayani. Umarnin da babu waɗannan a cikinsa bai kare yaron ba.