Rumbunan Gandayen Ingila: Tarihin da Ke Bayan Gida

Idan ana maganar tsofaffin gidajen sarakunan karkara na ƙasar Ingila, hankalin mutane ya fi karkata ga soraye da lambuna. Sai dai duk mai son sanin inda arzikin waɗannan gidaje ya fito, dole ya zagaya baya, inda rumbuna da turakun dabbobi suke.

A ƙarshen ƙarni na 18 ne masu manyan gandaye suka fara ɗaukar ƙwararrun masu zanen gini domin su tsara musu gine-ginen gona. Misali, Thomas Coke, wanda ya gaji gandun Holkham da ke Norfolk a 1776, ya sa Samuel Wyatt ya zana masa wani katafaren rumbu na tubali wajen 1790, da rumfunan shanu kewaye da shi. A Holkham ɗin ne Coke ya riƙa tara manoma duk shekara lokacin askin tumaki, har zuwa 1821, ana nuna musu sababbin dabarun noma da kiwo. Haka kuma a 1794, John Soane, wanda ya yi suna wajen ginin Bankin Ingila, ya tsara gine-ginen gonar Wimpole da ke kusa da Kambirij, ciki har da babban rumbu na katako mai rufin ciyawa.

Fasalin irin waɗannan gine-gine ya biyo tsarin noman zamanin ne. Akan yi wa rumbu manyan ƙofofi biyu masu kallon juna, yadda keken doki zai shiga da dammuna, iska kuma ta ratsa lokacin sussuka da shiƙa. Ana tsare shanu a farfajiya a cikin hunturu, a ciyar da su kara da saiwoyi, sannan a kwashe takinsu a mayar gona. Saboda haka, wanda ya iya karanta ginin, ya karanta yadda alkama da sha'ir da dabbobi suka riƙi juna.

Duk da haka, ba tarihin masu gida kaɗai bangayen suke ɗauke da shi ba. A wannan zamani ne majalisar dokoki ta riƙa zartar da dokokin shinge filaye, inda talakawa da yawa suka rasa makiyayar da kowa ke amfani da ita, suka koma 'yan ƙodago a gandayen manya. Guminsu ne ya cika waɗannan rumbuna, kuma sau da yawa nan ne kaɗai sawunsu ya saura.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, tarakta ta kori doki, injin girbi kuma ya kashe sussuka, sai tsofaffin gine-ginen suka rasa aikin yi. Wasu sun rushe, wasu an mayar da su gidajen zama. Dokar tsara birane da karkara ta 1947 ta ƙarfafa tsarin rajistar gine-ginen tarihi, amma rajista ba ta toshe yoyon rufi. Wimpole ta tsira ne saboda ta koma hannun ƙungiyar National Trust a 1976, aka ci gaba da kiwo a cikinta, musamman nau'o'in dabbobin da suka kusa ɓacewa.

A taƙaice, ginin gona yana daɗewa ne muddin ana shiga ana fita cikinsa. Ranar da aka kulle ƙofarsa, daga ranar ruwan sama da gara suke gadarsa.