Daren da Midori Ta Gama Kiɗa Ɗaya da Goge Uku

Daren Asabar, 26 ga Yulin 1986, an yi zafi mai sa gumi a Tanglewood, wani makeken fili mai ciyawa da itatuwa a garin Lenox na jihar Massachusetts a Amurka. A nan ne babbar ƙungiyar makaɗa ta birnin Boston take tarewa duk lokacin hutun zafi, ta yi makonni tana bikin kiɗa. Madugun makaɗa a wannan dare shi ne Leonard Bernstein, kuma kiɗan da za a yi shi ya tsara shi da kansa. Wadda za ta ja gaba da gogen Turawa kuwa yarinya ce 'yar Japan, Midori Goto, mai shekara 14 da haihuwa.

Wurin da aka tsayar da ita ba na wasan yara ba ne. Tun 1937 makaɗan Boston suke zuwa Tanglewood, a zamanin madugunsu Serge Koussevitzky. A shekarar farko cikin tanti suke kiɗa, har wani dare hadari ya taso ana tsakiyar kiɗan Wagner, ruwa da tsawa suka hana kowa jin komai. Nan take aka buɗe neman gudummawa, kuma a 1938 aka buɗe wata babbar rumfa mai ɗaukar mutum fiye da 5,000, ban da masu shimfiɗa barguna a kan ciyawa. Shi kansa Bernstein a nan ya yi ƙuruciyarsa ta kiɗa, domin yana cikin ɗaliban farko na makarantar da Koussevitzky ya kafa a wurin a 1940.

An haifi Midori a Osaka a 1971. Mahaifiyarta, Setsu Goto, ita ma mai goge ce, kuma ita ta fara koya mata. A 1982 suka ƙaura zuwa New York, yarinyar ta shiga hannun Dorothy DeLay, malamar makarantar Juilliard da manyan masu goge da dama suka ratsa ta ajinta. A jajibirin sabuwar shekara na 1982 Zubin Mehta ya fito da ita gaban jama'a tare da makaɗan New York, tana 'yar shekara 11.

Kiɗan daren, mai suna Serenade, Bernstein ya tsara shi a 1954, kuma Isaac Stern ne ya fara kaɗa shi a birnin Venice na Italiya. Kashi biyar ne, kusan rabin sa'a. Huɗun farko suka wuce lami lafiya. A na biyar, inda kiɗan yake ɗaukar wuta, sai ji aka yi tas! Tsirkiyar E ta tsinke.

Gogen da muka sani a ƙasar Hausa tsirkiyarsa ɗaya ce, in ta tsinke sai a dakata. Na Turawa huɗu gare shi, amma E ita ce mafi siranta da zaƙin murya, kuma a kanta mai jan gaba yake yin yawancin bajintarsa. Makaɗan Turai suna da al'ada a kan haka: shugaban masu gogen ƙungiya, wanda ke zaune dab da madugu, shi zai miƙa nasa. Midori ta juya, shugaban masu gogen, Malcolm Lowe, ya miƙa mata gogensa ƙirar Stradivari, shahararren masassaƙin birnin Cremona da ya rasu a 1737, ta ɗora a kafaɗa ta ci gaba.

A nan ne wahalar take, kuma mai kallo daga nesa ba zai gane ta ba. Wuyan goge ba shi da alamar da ke nuna wa yatsa inda zai sauka. Hannu ne yake haddace tazarar bayan shekaru na gwaji, kuma kuskuren da bai kai faɗin ƙwayar shinkafa ba ya isa ya ɓata sauti. Gogen Midori ya ɗan gaza na manya girma, saboda hannunta ƙarami ne. Ke nan cikin ƙiftawar ido sai da ta sauya ma'aunin da yatsunta suka saba da shi, a gaban dubban mutane, kusa da mutumin da ya san kowane ɗigo na kiɗan domin shi ya rubuta.

Ba a jima ba, tsirkiyar E ta gogen Lowe ita ma ta tsinke. Wannan karon gogen Max Hobart, mataimakin Lowe, ƙirar Guadagnini, shi ya shiga hannunta. Da shi ta kai kiɗan ƙarshe, fuskarta ko alamar ruɗewa babu.

Rumfa ta ɗauki sowa, su kansu makaɗan suka shiga tafi. Bernstein, dattijo mai shekara 67 wanda duniya ke rusuna wa, ya durƙusa a gabanta. Ranar Litinin jaridar New York Times ta ɗora labarin a shafinta na farko, tana cewa yarinya 'yar shekara 14 ta ci Tanglewood da goge uku. Ba kasafai labarin irin wannan kiɗa yake kaiwa shafin farko ba.

Gaskiyar magana, tsinkewar tsirkiya ba sabon abu ba ne, kuma manyan masu goge da yawa sun karɓi aro a tsakiyar wasa. Abin da ya bambanta daren nan shi ne sau biyu a jere, ga ƙuruciya, ga canjin girman goge. Amma akwai ɗan rashin adalci a yadda ake ba da labarin: jama'a sun riƙe tsirkiyoyi biyu, sun manta da mintuna sama da ashirin na kiɗa mai tsafta da suka gabace su, irin kiɗan da ya sa Bernstein ya yarda da ita tun farko.

Yaran da suka yi suna da wuri sukan ɓace kafin su kai talatin. Midori ba ta ɓace ba. A 1992 ta kafa gidauniyar Midori & Friends, mai kai darasin kiɗa makarantun gwamnati na New York, ta kuma koma jami'ar New York ta yi digiri a ilimin halayyar ɗan Adam. A 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa ta jakadiyar zaman lafiya, a 2021 kuma ta karɓi lambar girmamawa ta Kennedy Center.

Bernstein kuwa a Tanglewood ya yi wasansa na ƙarshe, ranar 19 ga Agustan 1990, tare da makaɗan Boston. Ya rasu ranar 14 ga Oktoba na wannan shekara.