Malumfashi a Mujallar Liverpool: Binciken da Ya Ƙirga Yara, Bai Jira Tsufansu Ba

A shekarar 1977 wata tsohuwar mujallar likitanci da ake bugawa a birnin Liverpool na Ingila, Annals of Tropical Medicine and Parasitology, ta fara fitar da jerin rahotanni masu ɗauke da sunan gari ɗaya a kan kowannensu: Malumfashi. Rahoto na farko ya yi bayanin ƙasar da mutanenta, kuma cikin waɗanda suka sa masa hannu akwai Herbert Gilles na Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Liverpool da Farfesa Umaru Shehu na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya rasu a 2023. A lokacin ba a ƙirƙiro Jihar Katsina ba, sai a 1987. Garin Galadiman Katsina yana cikin Jihar Kaduna, asibitinsa kuwa reshe ne na asibitin koyarwa na Zariya, inda ake turo ɗaliban likitanci su ga yadda ciwo yake a karkara.

Shekarun nan sun kasance na ƙidaya a Arewa. A Garki, cikin tsohuwar Jihar Kano, Hukumar Lafiya ta Duniya tana auna zazzaɓin cizon sauro gida-gida. A Malumfashi aka bi ƙauyuka ana rubuta haihuwa da mutuwa, ana ɗibar jinin yara, ana tambayar manoma labarin saran maciji. Amma cutar da ta fi cin takarda a jerin ita ce tsargiya, wato fitsarin jini.

Dalilin yana ga ruwa. An gina ƙaramar madatsa a Ruwan Sanyi, masu binciken kuma suka samu damar da ba a cika samu ba: su ga abin da ke faruwa da dodon koɗi bayan an tare ruwa, su kuma zauna a bakin gaɓa suna rubuta wanda ya shiga, da abin da ya kawo shi, da tsawon zamansa a ciki. Abin da suka gani kowace uwa a yankin za ta iya faɗa musu, sai dai su sun sa masa lamba. Yara maza masu wanka da ninƙaya su suka fi kowa ɗaukar cutar, su kuma suka fi kowa mayar da ita cikin ruwa. Shawarar da ta fito daga binciken ita ce a ba 'yan makaranta magani, domin ta haka za a rage cutar da kuɗi kaɗan.

Tsutsar tsargiya tana da zagaye mai sauƙin ganewa. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe, abin da ya fito ya shiga jikin dodon koɗi ya hayayyafa, sannan ya fito ya huda fatar wanda ya shigo ruwan. A cikin mutum tsutsar takan girma ta zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara tana zuba ƙwai shekara da shekaru. Wani ƙwan ya fita tare da jini, wani ya maƙale a bangon mafitsara. A nan ɓarnar take. Jiki yana ta faɗa da ƙwan da ba zai iya fitarwa ba, bangon yana kumbura yana warkewa yana sake kumbura, ƙwayoyin halittarsa suna ta rarrabuwa don cike gurbi. Kowace rarrabuwa kwafi ce ta saƙon gado da ke cikin ƙwayar, kuma mai yawan kwafi ba ya rasa kuskure. Idan kurakuran suka taru a wuraren da ke tsawata wa ƙwayar halitta ta daina yaɗuwa, ciwon daji ya samu ƙofa.

Ba sabon zance ba ne. Theodor Bilharz ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851, a 1911 kuma wani likita a wannan birni, A. R. Ferguson, ya danganta ta da dajin mafitsara. A 1994 hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Lyon a Faransa ta sa ta cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji ga ɗan Adam. A Masar, da aka ci ƙarfin tsargiya, irin dajin mafitsarar da ake dangantawa da ita ya ja baya a asibitoci.

Sai a yi lissafi. Yaron da yake ɗan shekara goma yana iyo a Ruwan Sanyi a 1977, yau yana dab da sittin, idan Allah ya ja da ransa. Jinin fitsarin ya ɗauke tun yana saurayi, ya manta. Jerin rahotannin Malumfashi ya tsaya a farkon shekarun 1980, daidai lokacin da maganin praziquantel ya fara shigowa hannu. Ba laifin masu binciken ba ne, domin ba a tsara aikinsu don ya bi mutum shekara arba'in ba. Amma ciwon daji sai da irin wannan haƙuri ake gane shi. Rabon maganin tsargiya da ake yi a yau ma 'yan makaranta ake nufi da shi, kamar yadda aka ba da shawara tun wancan lokaci.

Akwai zare na biyu, shi kuma daga rumbu ya taso. A tsakiyar shekarun 1970 Bankin Duniya ya tallafa wa manyan ayyukan bunƙasa noma guda uku a Arewa: Funtuwa, Gusau da Gombe. Aikin Funtuwa ya kawo takin zamani da hanyoyin karkara da ingantaccen iri. A daidai wannan lokaci, a 1975, annobar cutar gyaɗa ta durƙusar da noman da ya gina dalar gyaɗa a Kano. Ƙasar da aka sani da auduga da dawa ta koma ƙasar masara, har kasuwar Dandume ta zama wurin da manyan motoci ke lodi zuwa Kudu. Arziki ne na gaske, babu mai musun haka.

Sai dai masara da gyaɗa suna da maƙiyi ɗaya. Wata fumfuna mai suna Aspergillus flavus takan kama su idan fari ya wahalar da shuka, ko aka shanya hatsi a ƙasa, ko aka zuba shi a buhu bai gama bushewa ba. Gubar da take fitarwa, afulatoksin, ba ta da ɗanɗanon da zai ankarar da mai ci, kuma dafuwa ba ta kashe ta. An gano ta ne bayan 1960, shekarar da talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Birazil. A jikin mutum hanta ce ke karɓar dukan.

Wurin da ya fi koya wa duniya wannan darasi shi ne Qidong, wata gundumar manoma a bakin kogin Yangtze a ƙasar Sin. Mutanenta masara suke ci, kuma dajin hanta yana kashe su fiye da kima. A 1972 aka buɗe rajistar masu ciwon daji a can, aka kuma ci gaba da rubutu ba tsayawa. A 1991 masana suka nuna cewa a ƙarin hanta da aka ciro daga majinyatan Qidong da na kudancin Afirka, akwai kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya, matsayi na 249 a ƙwayar gadon p53, wadda aikinta shi ne hana ƙwayar halittar da ta lalace ci gaba da rarrabuwa. Gubar ta bar sawunta kamar ɓarawon da ya taka laka. Wani bincike a Shanghai ya nuna cewa wanda ya haɗa gubar da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, haɗarinsa ya kai kusan ninki 60 na wanda ba shi da ko ɗaya. Da aka sassauta dokokin kasuwa a shekarun 1980, mutanen Qidong suka koma cin shinkafa, gubar ta ragu a jininsu, daga baya mutuwar dajin hanta ta fara sauka. An ga saukar ne saboda akwai littafin da ake rubutawa tun farko.

Zariya ma tana da hannu a labarin. Brian Greenwood da Hilton Whittle, waɗanda suka yi shekarun 1970 suna aiki a can, sun koma Gambiya, inda a 1986 aka fara gagarumin gwajin allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B ga jarirai, da niyyar a jira shekaru masu yawa a ga tasirinta a kan daji. Nijeriya ba ta sa wannan allura cikin rigakafin yara na yau da kullum ba sai 2004. Kusan duk magidancin da ke noma a Bakori ko Ƙafur a yau an haife shi kafin nan.

To ina dattijon da ciwo ya kama yake nufa? Murray Last, masanin tarihin da ya rubuta littafi a kan Daular Usmaniyya, ya zauna a wani gidan Maguzawa kusa da Malumfashi daga 1969 zuwa farkon shekarun 1970. A wata maƙala ta 1981 ya yi bayanin cewa majinyaci a yankin ba ya ɗaukar maganin gargajiya a matsayin tsari guda mai ƙa'ida. Yakan gwada na boka, ya sha rubutun malam, ya sayi ƙwaya, ba tare da damuwa da sanin yadda kowanne yake aiki ba. Abin da ake nema sauƙi ne. Wannan ba wauta ba ce ga mai zazzaɓi ko ciwon ciki, waɗanda sau da yawa kan tafi da kansu. Ga ciwon daji kuwa, kowane wata da aka kashe ana gwaje-gwaje riba ce ga ciwon.

Kalmar kanta tana ƙara rikita al'amari. A bakin jama'a daji yana iya zama gyambon da ya ƙi warkewa, ko kumburi, ko ƙari, kuma an daɗe ana cewa daji ba ya son allura. Maganar tana da tushen da ya kamata a fahimta kafin a yi mata dariya: wanda aka kai asibiti bayan ciwo ya ci jiki yakan rasu jim kaɗan bayan an taɓa shi, dangi kuma su ɗora laifin a kan ƙarfe. Na gaba sai ya ƙara jinkiri. Tsoho kuwa yana da nasa uzurin. Fitsarin da ke fita da ƙyar a ce sanyi ne, jini a bayan gida a ce basir ne, rama a ce shekaru ne. Kafin a yi shawarar tafiya Shika, inda asibitin koyarwa yake da sashen gashin daji, sai an tara 'ya'ya an duba abin da ke rumbu da abin da ke turke. Jinyar yau da gobe tana kan matar gida da 'ya'ya mata da surukai. Gwamnatin tarayya ta kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, wadda ta fara aiki a 2021, da cibiyar binciken ciwon daji da ta fara a 2023, amma rajistocin daji na ƙasar a manyan birane suke, kuma wanda ya isa asibiti suka fi gani.

A wannan giɓi ne masu tallar magani da lasifika suke cin kasuwa, kuma cikin kayansu yanzu har da shayi da ƙwayoyin ganye masu rubutun Sin a kwali. Hujjar a shirye take: ai Sinawa ma da gargajiya suka ci gaba. Akwai gaskiya a ciki, amma rabinta ce.

A 1967 gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na neman maganin zazzaɓin cizon sauro. Tu Youyou da abokan aikinta suka tace magungunan gargajiya sama da 2,000. Wani littafi na Ge Hong, daga ƙarni na huɗu, ya ankarar da ita cewa zafin wuta ne ke lalata sinadarin ganyen da suke gwadawa. A 1971 samfuri na 191 ya yi aiki. Daga nan aka samu atimisinin, ginshiƙin maganin da Nijeriya ta koma wa a 2005 bayan kulorokwin ya gaza, ita kuma ta karɓi kyautar Nobel a 2015. Ganyen dangin tazargade ne. A Harbin kuma, a farkon shekarun 1970, Zhang Tingdong ya bi diddigin haɗin wani mai maganin ƙauye, ya ware abubuwan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, ya gano cewa gubar asanik ce ke aiki, kuma a kan nau'i ɗaya tak na dajin jini. A yau, idan aka haɗa ta da wani magani, fiye da tara cikin goma na masu wannan nau'i suna warkewa. Abin lura a labaran biyu shi ne yawan abin da aka zubar kafin a riƙe guda.

Labari na uku ba a cika jin sa a lasifika ba. A farkon shekarun 1990 mata kimanin ɗari a Beljiyam suka kamu da ciwon ƙoda bayan sun sha haɗin rage ƙiba da aka sa wa wani ganyen Sin daga dangin Aristolochia. A 2000 aka ba da rahoton cewa cikin 39 da aka yi wa tiyata, an samu dajin hanyar fitsari a jikin 18. Taiwan, inda aka daɗe ana rubuta wa jama'a magungunan da ke ɗauke da shi, ta hana amfani da su a 2003. An yi ƙarni da ƙarni ana shan ganyen ba wanda ya zarge shi, domin tsakanin shan da ciwon akwai shekaru.

Wannan dangi yana da ɗan uwa a dazukan Hausa. Aristolochia albida shi ne duman dutse, wasu su ce maɗacin ƙasa, saiwar da ake jiƙawa don ciwon ciki, ake kuma ba wanda maciji ya sara. Sunayen itatuwan Hausa irin wannan suna rubuce tun ƙamus ɗin tsirrai da J. M. Dalziel ya wallafa a 1916. Lambar da hukumar NAFDAC ke ba maganin gargajiya shaida ce ta cewa an duba lafiyarsa ga mai sha, ba hukunci ba ce cewa yana warkar da abin da mai talla ya lissafa. Saiwar da aka shimfiɗa a tabarma ranar kasuwa kuwa ko wannan lambar ba ta ɗauke da ita.